Abin da na koya wajen rubuta kundi a kan zaɓen Suwizalan na 1919

Yanzu da na karɓi takardar shaidar digirina na biyu na bar sashen kimiyyar siyasa, ina ganin ya dace in rubuta wa ƙannenmu da ke tafe abin da aikin kundi ya koya mini, musamman waɗanda za su ɗauki tarihin zaɓen wata ƙasa ta waje. Nawa kundin a kan Suwizalan ne, kan yadda ƙasar ta bar tsarin da mai rinjaye ke kwashe kujera ta koma raba kujerun majalisar wakilai gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya.

Tun daga kundin tsarin mulki na 1848 jam'iyyar Radikal ke riƙe da majalisar, kuma tsarin rinjaye da yadda ake shata mazaɓu sun taimaka mata ƙwarai. A zaɓen 1917 ta samu kujeru 103 cikin 189, alhali 'yan gurguzu, da suka samu kimanin kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u, ba su wuce kujeru ashirin da 'yan kai ba. Sau biyu aka kai wa jama'a buƙatar sauya tsarin ta ƙuri'ar raba-gardama, a 1900 da 1910, suka ƙi, sai a karo na uku, ranar 13 ga Oktoban 1918, kusan kashi biyu bisa uku suka amince. A kan wannan rana ce muka saɓa da malamin da ke duba aikina.

Shi Malam ya daɗe yana koyar da cewa yajin aikin gama-gari na ma'aikatan Suwizalan ne ya tilasta wa masu mulki karɓar sabon tsarin, har yana kafa hujja da shi a aji cewa babu gyaran zaɓe sai an fito kan titi. Matsalar ita ce an yi yajin aikin ne daga 12 zuwa 14 ga Nuwamban 1918, wata guda bayan jama'a sun riga sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. Abin da kwamitin Olten, wanda ya jagoranci yajin, ya nema shi ne a gaggauta sabon zaɓe bisa tsarin da aka amince da shi, kuma an matso da zaɓen da shekara guda, aka yi shi a Oktoban 1919. Haka na rubuta a babi na uku, na ƙara da cewa jihar Ticino ta karɓi tsarin tun farkon shekarun 1890 bayan rikicin da ya kifar da gwamnatinta, wasu jihohi kamar Janiba suka biyo baya, don haka tarayya ta bi hanyar da jihohi suka riga suka share ne.

Babin ya dawo mini da jan biro ya ratsa shafuka huɗu daga sama har ƙasa, a gefe an rubuta cewa ɗalibi bai fahimci ka'ida ba. Na same shi a ofis da ladabi na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a duba ranakun nan biyu?" Bai ɗago kai daga takardun da ke gabansa ba ya ce, "Kai ne za ka koya mini tarihin Turai?" Daga nan kundin ya kwanta a kan teburinsa, abokan karatuna suka kare nasu suka tafi, ni kuwa na sake biyan kuɗin zango ina jiran sa hannu. Ban cire shafukan ba, domin ranakun ba ra'ayina ba ne. Ranar kare kundi mai jarrabawa na waje ya tsaya a kan wannan babi, ya ce nan ne ƙarfin aikin yake, Malam kuwa yana zaune yana gyaɗa kai kamar da shawararsa aka rubuta.

Sakamakon zaɓen 1919 ɗin ma ya koya mini kada in yarda da labarin da ya yi daɗin faɗi fiye da kima. Radikal ta faɗo zuwa kujeru 60, 'yan gurguzu suka ninka nasu zuwa 41, amma kason ƙuri'unsu raguwa ya yi idan aka kwatanta da 1917, kuma sabuwar jam'iyyar manoma ce ta fi kowa cin moriya da kujeru kusan talatin. Sai a 1943 ɗan gurguzu na farko, Ernst Nobs, ya shiga majalisar zartarwar tarayya. Mata kuwa ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1971, don haka duk wanda ya kira zaɓen 1919 wakilcin kowa da kowa ya manta da rabin ƙasar.

Sauran darussan ba su da tsawo. Ka jera ranakun abubuwa kafin ka ce wannan ne ya jawo wancan. Kada ka miƙa babi hannu da hannu kawai, ka tura ta imel domin kwanan wata ya zauna shaida. Kada kuma ka ɗora tsarin Suwizalan a kan Najeriya don kawai duka tarayya ne, domin a can mai zaɓe yana iya goge suna daga jerin jam'iyya, ya maimaita wani sau biyu, ko ya ɗauko ɗan takarar wata jam'iyyar ya saka, abin da ba shi da makamanci a takardar ƙuri'armu.

An ba ni labari cewa a bana Malam ya gyara darasinsa, yanzu yana faɗa wa ɗalibai cewa ƙuri'ar ta riga yajin aikin, kuma har yau bai ambaci inda ya samo gyaran ba.