Abin da tsallen tirampolin ya yi wa jikin ɗana

Unguwarmu ba filin wasa, titi kuwa babura sun mamaye shi. Shi ya sa na sa aka kafa mana tirampolin a bayan gida, wato shimfiɗar tsalle mai sifirin da raga kewaye da ita, nesa da bango.

Ɗana shekararsa 7. Farkon hawansa ƙafafunsa rawa suke yi, hannuwa a baje kamar mai tsallake kwata a kan katako. Bayan 'yan makonni na lura yana dira a tsakiya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba tangal-tangal. Duk dirar da ya yi shimfiɗar motsawa take a ƙarƙashinsa, sai cinyoyi da sharaɓa da tsokar ciki da ta baya su yi ta gyara masa tsayuwa. Can cikin kunne ma, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana samun horo. Ƙashin yaro mai tasowa kuma ƙarfi yake ƙarawa in ana ɗora masa nauyi irin na tsalle. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki sosai na minti 60 a kullum, wannan wasa kuwa yana cinye kaso mai kyau ba tare da na ce uffan ba. Yakan sauko sharkaf da gumi, ya ci tuwonsa, ya yi barci tun da wuri.

Inda na kafe shi ne kan ƙanwarsa 'yar shekara 4. "Umma, ni ma zan hau!" Nakan ce ta bari sai ta girma. Likitocin ƙashi na Amurka sun hana wa yaran da ba su kai shekara 6 ba, domin ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Ƙungiyar likitocin yara ta can ma a 2012 ta ja kunnen iyaye kan ajiye tirampolin a gida, ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan suna faruwa ne lokacin da yara suka hau tare, kuma ƙaramin ne ke shan wuya, don dirar babba ke cilla shi. Wannan gargaɗi na ɗauke shi da muhimmanci.

Saboda haka mutum ɗaya ke hawa, ko 'ya'yan maƙwabta sun cika gidan. Ba alkafura, saboda wuya. Ina tsaye a wurin, in zan shiga ɗaki kuma in zuge ragar in ɗauke tsanin. Ita ƙaramar na zana mata 'yar gala-gala a ƙasa, tana ta ɗingishi da ƙafa ɗaya tana dariya.