Farfaɗiyar Duna

A garin nan, idan kare ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, taɓarya ko bulo ake fara nema kafin a tuna da likita. Ban ga laifin mutane ba sosai, domin ciwon haukar kare gaskiya ne, kuma duk wanda alamominsa suka bayyana a jikinsa sai dai addu'a. Amma shekaru ke nan ina riƙe da kare mai farfaɗiya a gidana da ke Rijiyar Zaki, kuma na tabbata an kashe karnuka da dama a Kano da sunan hauka alhali farfaɗiya ce kawai take damunsu.

Duna baƙin kare ne, ruwa biyu: uwarsa 'yar gida, ubansa irin karnukan Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da su. Tun yana kwikwiyo muka ɗauko shi saboda gadi, lokacin da ɓarayi suka matsa wa layinmu da haura katanga. Ya kai wajen shekara biyu lafiya lau. Wata rana gab da kiran assalatu na ji ƙarar kwanonsa yana gangarawa a kan siminti. Da na haska tocila sai na gan shi kwance ta gefe, jikinsa ya sanƙare, wuyansa ya lanƙwashe baya, idonsa a buɗe amma ba ya ganin komai. Can sai ƙafafun suka kama tuƙi kamar mai tuƙa keke, haƙoransa na kaɗuwa, yawu na dalala, ya saki fitsari a inda yake. Baba maigadi ya taho da gorarsa. Alhaji maƙwabcina ya leƙo ta ƙofa yana cewa, "Malam, don Allah a fitar da shi a kashe, akwai yara a layin nan."

Katin riga-kafi ne ya ceci Duna a daren. Duk shekara ana yi masa allurar haukar kare, na ɗauko katin na nuna wa Alhaji, na kuma roƙe shi ya ba ni zuwa safiya. Muna cikin maganar Duna ya miƙe yana tangaɗi, ya yi karo da bango, ya kewaya tsakar gida, sannan ya kafa kai a bokiti ya sha ruwa sosai. Na kulle shi a kejinsa, gari na wayewa muka nufi asibitin dabbobi.

Tambayoyi likitan ya fara jero min kafin ya taɓa karen. Shekarunsa nawa? An fesa fiya-fiya a gidan? An ajiye maganin ɓera? Wani kare ya cije shi kwanan nan? An yi masa allurar distemfa yana ƙarami? Yana cin abinci, yana gane mutanen gida? Daga baya na fahimci kowace tambaya da ƙofar da take rufewa. Faɗuwa alama ce, abubuwa da yawa ke kawo ta. A kwikwiyo takan zo daga ƙarancin sukari a jini, ko matsalar hanta da aka haife shi da ita, ko distemfa, wadda ke zuwa da majina da kwantsa da tari, kare ya riƙa motsa baki yana tauna iska. A tsohon kare akan yi zargin ƙari a ƙwaƙwalwa. Guba kuwa ba ruwanta da shekaru, kuma a nan Kano ita ce abin zargi na farko, saboda mutane na zuba fiya-fiya a ruwan wankan kare don kashe kaska. Wanda ya sha wannan gubar za ka ga yawu ba iyaka, zawo, amai, tsokar jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke, kuma ba ya warwarewa da kansa, sai an garzaya an yi masa allura. Farfaɗiyar asali, wadda ba a gano mata wani sanadi a jiki, yawanci tana farawa ne tsakanin wata 6 da shekara 6, kuma tsakanin faɗuwa da faɗuwa karen garau yake. An ɗebi jinin Duna an duba sukari da hanta da ƙoda da cututtukan kaska, komai ya fito daidai. Likita ya ce, "Alhaji, da alama farfaɗiya ce. Ba a warkar da ita, amma ana iya zama da ita."

Bambancinta da hauka na roƙe shi ya maimaita min, domin shi zan kai wa maƙwabta. Mahaukacin kare ba ya faɗuwa ya tashi ya koma gadi. Halinsa ke sauyawa, ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ko muƙamuƙinsa ya saki ya kasa haɗiye yawu, kullum abin gaba yake yi, kuma daga bayyanar alamomi da wuya ya wuce kwana 10 a raye. Shi ya sa ake tsare karen da ya ciji mutum na kwana 10 ana lura da shi. Wannan bayani ba izini ba ne na kusantar kowane kare da ka gani yana kumfa a titi. Karen da ba ka san tarihin allurarsa ba, ka nisance shi, ka kori yara, ka kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da zai faru da karen.

Abin da ake yi lokacin faɗuwar kaɗan ne, kuma riƙe kai ya fi komai wuya a ciki. Agogo nake fara dubawa. Sannan in janye duk abin da zai buge, turmi ne ko bokiti ko babur, in yana kusa da matakala ko bakin rijiya in ja shi ta ƙafafun baya. A kashe fitila mai haske, a kashe janareta in da hali, yara su shige ɗaki. Ba a sa hannu ko cokali ko tsumma a bakinsa. Kare ba ya haɗiye harshensa, kuma a wannan hali bai san kowa ba, muƙamuƙinsa zai iya datse yatsan mai gidansa. Ba a ɗura masa manja ko madara ko ruwa, domin huhu za su wuce. Wani ya taɓa ba ni shawarar in matse masa albasa a baki, alhali albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. In akwai mutum na biyu, ya ɗauki bidiyo da waya. Likita ya fi amfana da bidiyon minti ɗaya fiye da dogon bayanin mutumin da ya firgita.

Dalilin duba agogo shi ne, yawancin faɗuwa ba ta wuce minti 2, ko da yake mai kallo zai rantse an yi rabin awa. Idan ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ya sake faɗuwa bai dawo hayyacinsa daga ta farko ba, an shiga haɗari na gaske, ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, kare na iya mutuwa. Haka idan ya faɗi sau biyu ko fiye cikin awa 24, a kira likita a ranar. Don irin wannan likita ya ba ni dayazifam na ruwa da ake matsawa ta dubura da sirinji marar allura, ya auna min adadin daidai da nauyin Duna, ya kuma koya min a gabansa. Wani abin da ba a tunawa sai an shiga uku shi ne abin hawa. Ba kowane mai a-daidaita-sahu ke yarda ya ɗauki kare ba, balle mai kumfa a baki, balle cikin dare. Na nemi wani yaro a unguwa na yi masa bayani tun da rana tsaka, ya yarda, lambarsa na nan a wayata da ta maigadi.

Zafin Kano ma nasa haɗarin daban ne. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma da haki yake sanyaya kansa, ba ya gumi irin namu. Jijjigar tsoka tana ɗaga zafin jiki da sauri, to ka haɗa wannan da ranar Afrilu da gari ke kaiwa digiri 40. A bazara, da zarar ya lafa nakan jiƙa tafin ƙafafunsa da cikinsa da ruwan randa in kunna masa fanka, ko a yi masa fifita in an ɗauke wuta. Ban da ƙanƙara. Bayan ya tashi kuma nakan bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci. Yakan yi yawo ba kan gado, wani lokacin ganinsa na ɗaukewa na wucin gadi, yunwa ta kama shi sosai. A nan ne kare mai kirki zai iya cizon yaron da ya rungume shi don tausayi.

Ba a fara magani daga faɗuwar farko ba. Sai da ta dawo fiye da sau ɗaya cikin wata 6 likita ya ɗora shi a kan fenobabiton, ƙwaya sau biyu a rana, tsakani awa 12. Yawanci ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 3 a kan kowane kilo na nauyin kare, amma wannan lissafin likita ne, kada kowa ya shiga kyamis ya yi wa karensa da ka. Mun tsayar da bakwai na safe da bakwai na dare, na sa ƙararrawa a waya, muna cusa ƙwayar cikin ɗan guntun nama. Makonnin farko sun tayar min da hankali. Duna ya zama mai yawan barci, ƙafafun baya na harɗewa, ga ci, ga sha, ga fitsari. Maman yara ta ce, "Anya maganin nan ba kashe shi zai yi ba?" Likita ya ce mu yi haƙuri, maganin na ɗaukar kamar mako biyu kafin ya daidaita a jini. Haka aka yi, layin da barcin suka ragu, yawan ci da ƙishirwar dai suka zauna, don haka auna masa abinci muke yi kada ƙiba ta kama shi.

Gargaɗin da likita ya fi nanatawa shi ne kada a tsayar da maganin nan kwatsam. Jikin kare na sabawa da shi, in aka yanke rana ɗaya faɗuwar da za ta biyo baya tana iya fin ta asali muni. Mutum zai ga wata uku shiru ya ce ai ya warke, alhali maganin ne ke riƙe da shi. Saboda haka ba na barin kwalba ta kusa ƙarewa ban sayo wata ba, musamman gab da Sallah. A kantin magani mai rajista nake saye da takardar likita, kuma da shi da dayazifam ɗin a kulle suke a durowa. Duk wanda ke zaune a Kano ya san halin da matasanmu ke ciki da ƙwayoyi, ga kuma ƙananan yara a gida. Duk wata 6 ana ɗibar jininsa a duba hanta, domin ita ce maganin ke wahalarwa.

Kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na karnuka masu farfaɗiya magani ɗaya ba ya riƙe su, sai an ƙara wani, kamar fotasiyam buromaid. Wanda aka ɗora wa karensa wannan ya kula da gishiri, domin yawan gishiri na sa ƙoda ta fitar da maganin da sauri. Kare mai cin ragowar tuwo da miya, yau gishiri da dunƙule sun yi yawa gobe babu, ba zai daidaita ba. Duna bai kai ga wannan ba, amma tun tuni muka ware masa tukunyarsa.

Ina da ɗan littafi irin na 'yan makaranta rataye kusa da keji. Duk faɗuwa ana rubuta rana da lokaci da tsawonta da abin da ya faru kafin ta. Daga nan na lura kusan kullum yana kwance ne abin ke zuwa, cikin dare ko da asuba, ba ya zuwa yana gudu ko haushi. Na kuma koyi gane alamar da ke gabatarta: sai ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa bin ƙafata yana ƙugi. Da wannan littafin likita ke yanke shawarar ƙara magani ko barinsa, kuma a wajensu in faɗuwa ta ragu da rabi an ci nasara. Na Duna ya ragu fiye da haka, alhamdu lillahi.

Da damina kaska ke addabar karnuka, kuma a nan ma sai da shawara. A shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin kashe kaska irin su Bravecto da NexGard da Simparica na iya jawo jijjiga da faɗuwa a wasu karnuka. Duk maganin da za a ba Duna, ko na tsutsar ciki ne, sai na tuna wa mai bayarwa cewa yana da farfaɗiya. Na kuma roƙi Baba maigadi ya daina yar da guntun goro a tsakar gida, domin sinadarin da ke wartsake mutum a cikin goro guba ne ga kare.

Akwai masu ce min kuɗin da nake kashewa a kan kare da marayu na ba. Ina jin nauyin maganar, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya. Ni na ɗauko dabbar nan na ɗaure ta a gidana tana kwana a waje don iyalina su yi barci, haƙƙinta na wuyana. Mun kuma sani a hadisi an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ciwon kansa. Har yau akwai masu cewa yawun mai farfaɗiya na yaɗa ta, shi ya sa in mutum ya faɗi a kasuwa sai a watse a bar shi yana buga kai a ƙasa. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa, daga kare zuwa mutum ko daga mutum zuwa mutum. Ruɗewar saƙonnin lantarki ce a cikin ƙwaƙwalwa. 'Ya'yana sun taso suna ganin haka da idonsu, kuma na koya musu cewa mutum ma in ya faɗi, a kare masa kai, a juya shi ta gefe in ya lafa, kada a cusa masa komai a baki.

Duna na da kyan gani, don haka lokaci-lokaci masu kiwo kan zo neman in ba su shi ya yi wa karyarsu barbara, har da tayin kuɗi ko kwikwiyo ɗaya. Ba na yarda, kuma ina faɗa musu dalili. Farfaɗiyar asali na bin jini, an kuma san ta a jinsin ubansa. Duk kwikwiyon da ya gaje ta zai iya faɗawa gidan da ba a ajiye katin allura, kuma ba a san akwai maganin da ake sha bakwai na safe da bakwai na dare ba.