Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kafar Allura

Makon jiya na tsaya a inda na kama shagon ɗinki na kaina a Kasuwar Barci ta Kaduna. To, ina da shekara 44 allura ta fara yi mini gardama. In lashi bakin zare, in murza, in kai, ya zame ta gefe. Jarida kam na iya miƙe hannu da ita har rubutun ya fito, amma allurar keke ba ta matsawa. Na ɗora wa duhun shago laifi, na ƙara ƙwan fitila. A banza.

Sai na koma wayo. "Kai, zo ka zura zaren nan, ai da haka ake koyon aiki." Wata uku yaron shagona yana zurawa, kafin ran nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ko dai idon ne?" Na daka masa tsawa, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ƙanin matata ne ya kawo mini wani tabarau mai 'yan maɓallai biyu a gefe, kamar na agogon hannu. Kowane ido gilasai biyu ne sirara, ɗaya bisa ɗaya. Kana murzawa suna zamewa, ƙarfin yana sauyawa. Ya ce wani masani Ba'amurke, Luis Alvarez, ne ya fito da dabarar. Na rufe idon hagu, na murza na dama a hankali, sai ga kafar allura tarwai, har da 'yar tsatsar da ke gefenta. Muni kam yana da shi, maƙwabta har suna suka sa mini: Direban Jirgi.

Da ciwon kai ya matsa, uwargida ta ce, "Malam, murɗe-murɗen nan ya isa," ta tasa ni gaba sai asibitin ido na ƙasa da ke hanyar Mando. Likitar ta ce ba cuta ba ce: gilashin da Allah ya halitta cikin ido ne ke taurara in an haura 40. Tabaraun nawa kuma ba kowace irin matsala yake gyarawa ba, ba ya kuma gano yanar ido ko hawan jinin ido. Ta ɗiga mini magani ta auna na dama, ta auna na hagu, ta sake aunawa.

"Baba, a gidanku akwai wanda ya makance?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.