Jajayen duwatsun Dibi da suka ci min jaka arba'in

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi. Ina shekarar ƙarshe a karatun duwatsu nan Ngaundere aka ba ni aiki a kan guntayen mantil, wato sashen cikin duniya da ke ƙarƙashin ɓawonta, da aman wuta ya tofo a Dibi, kudu da gari. 'Yan ajinmu kun san su, korayen dunƙulen nan da ke maƙale cikin baƙin dutsen aman wuta, bazalt, kamar gyaɗa cikin alewa.

To lokacin kaina ya ɗau zafi da labarin jirgin ruwan bincike JOIDES Resolution, wanda a 2023 ya haƙa mita 1,268 a Atlantis Massif, gefen jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekun Atilantika. A can ƙasan teku ne ke rabewa biyu, tsagewar ta jawo feridotit, dutsen mantil, har ya fito sama, ga wani dutsen, gabro, a cakuɗe da shi. Ruwan teku ya shiga olibin, koren ma'adinin da ke cikin feridotit, ya mai da shi wani ma'adinin, sarfantin, yana fitar da iskar haidurojin, irin wadda ƙwayoyin halitta ke rayuwa da ita a maɓuɓɓugan ƙasan tekun da ake kira Lost City. Dare da rana abin da nake karantawa kenan, har abokai suka fara ce min ɗan teku, ni da ko Duwala da ke bakin teku ban taɓa zuwa ba.

Da na isa Dibi sai na tarar da iri biyu. Korayen suna can cikin bazalt, sai ka yi ta dukan guduma hannu ya yi kanta kafin ka ciro ɗaya. Jajayen kuwa ga su nan zube a ƙasa, kana murzawa suna marmashewa. Nan take zuciyata ta ce min ai waɗannan ruwa ya canza su, irin na teku ne sak! Na cika buhu da su. Mai moton da ya kai ni har cewa ya yi, malam waɗannan ai ruɓaɓɓu ne, na yi masa dariya. Ashe shi ne mai ilimin.

Jaka arba'in na biya aka yanka min su siriri don madubin ƙara girman abu, kuɗin da yayata ta ranta min, na jira wata biyu, kafin su iso ma na riga na rubuta shafi uku a kan sarfantin. Malamina ya leƙa madubin bai yi minti ɗaya ba ya ɗago ya ce, ɗana, wannan ai tsatsa ce. Ƙarfen da ke cikin olibin ne iska da ruwan sama suka ci ya koma ja, idinsit ake ce masa. Sarfantin kore ne mai duhu, yana zagaye ƙwayar olibin kamar raga, da ɗigo-ɗigon baƙin magnatit. Ko ɗaya babu a nawa. Na ce Malam amma a teku... ya ce a teku ka ɗebo? Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Don Allah ƙannena masu zuwa, ku fasa dutse ku ɗauki cikinsa, wanda ya sha wuyar fitowa shi ne lafiyayye. Kuma kar ku biya ko dala kafin malaminku ya riƙe dutsen a hannunsa, ni girman kai ne ya hana ni, wai ina so in ba shi mamaki.

Sai da na koma Dibi tsakiyar damina, taɓo har gwiwa, na yini na ciro guda tara kacal. Su kam da aka yanka tas suke, ma'adinansu olibin da firoksin da sifinel kowa a wurinsa. Yayata har yau jaka goma sha biyar take bi na.