Laraba: σ daga wani littafi, ε daga wani

Hazo tun safe. Ajin ƙarfe takwas ko rabi bai cika ba.

Bayan azahar wani ɗalibina na digiri na biyu ya shigo da takardarsa. "Malam, lissafin Chapman da Enskog ba ya aiki wa agon." Lissafin nan shi ne na gano danƙon gas (viscosity). Na iskar agon ya fito masa 245 μP (mikropoise, ma'aunin danƙo) a zafin 300 K, alhali abin da ake aunawa bai wuce 227 ba ko kusa da haka.

Tsarin lissafinsa ba laifi: η = 26.69√(MT)/(σ²Ω), η shi ne danƙon, T zafi, M = 39.948 nauyin ƙwayar agon, σ faɗin ƙwayar a Å (ƙaramin ma'aunin tsawo), Ω kuma lambar karon ƙwayoyi ce daga dabarar Neufeld ta 1972. Na ce a ina ya samo σ da ε/k, wato zurfin "rijiyar" jan da ke tsakanin ƙwayoyi biyu, a ma'aunin K? Ashe σ = 3.418 ya ɗauko daga Hirschfelder, Curtiss da Bird na 1954, ε/k = 93.3 K kuma daga teburin Svehla na 1962. Ya ɗaura auren da ba ya ɗauruwa.

Muka zauna muka buga. 3.418 da 124 K, na littafin su Hirschfelder, sun ba da 226. 3.542 da 93.3 K, na teburin Svehla, sun ba da 228. Kowane biyu daidai suke, in dai ba a raba su ba. Rage zurfin rijiyar yana rage Ω, ƙara σ yana cike giɓin, shi ya sa in bayananka tsakanin 280 da 350 K kaɗai suke, kwamfuta za ta ba ka amsoshi barkatai, duk da kuskure kusan ɗaya. Sai a 1000 K suke rabuwa, 536 da 521. Na ce ya faɗaɗa zangon zafin, ya zana kuskuren a kan σ da ε ya ga dogon kwarin da idonsa, sannan ya gwada amsar da bayanan virial na biyu, wato awon yadda gas ke kauce wa dokar cikakken gas (ideal gas).

Ya ce, "To Malam, wanne ne na gaskiya?"

Ba ko ɗaya. Ainihin zurfin rijiyar agon kusan 143 K ne. Siffar Lennard-Jones 12-6, wato dabarar ja da turi tsakanin ƙwayoyi wadda σ da ε suke cikinta, ita ce ba ta dace da shi ba, lambobin suna lanƙwashewa ne su rufa mata asiri. Tambayar ta tsaya min a rai har magariba, don duk shekara muna miƙa wa ɗalibai teburin nan ba tare da mun faɗa musu haka ba.

An ɗauke wuta ƙarfe tara. Takardun jarrabawa sai gobe.