Jarka ɗaya ga buhu ɗaya: maganar ruwa a kwaɓin kankare

Ranar zuba dekin, wato rufin kankare na bene, a Legas, ko a Agege ne ko Ajah, kalmar da ta fi yawo a bakin lebura ita ce "ƙara ruwa". Dalilinsu a fili yake: kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗiba da shebur, ya fi sauƙin juyewa daga hedifan, kwanon ƙarfen da lebura ke ɗauka a ka. Amma wannan ruwan da ake ƙarawa da tiyo ba awo, shi ne ke cinye ƙarfin ginin.

Buhun siminti kilo 50 ne. A kwaɓin 1:2:4 da aka saba yi wa fila (ginshiƙi) da bim (gungumen kankare na kwance) da dekin, wato buhu ɗaya na siminti (daidai da hedifan biyu), hedifan huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, ruwan da ya dace yana tsakanin lita 22 zuwa 27. Jarkar nan mai lita 25 ta isa ma'auni. A ajiye ta kusa da miksa, wato injin kwaɓi, a ɗora mutum ɗaya a kanta, kowa kuma ya janye hannunsa daga tiyo. Ruwa kaɗan siminti yake sha don ya kama. Ragowar ruwan zai bushe ya fita, ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren, ta nan damshi da gishirin iskar teku ke bi su kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa kankaren daga ciki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne yashi. Yawancin yashin Legas daga ƙarƙashin ruwa ake haƙo shi, tifa ta sauke shi yana ɗiga, ga damina mai tsawo. Hedifan huɗu na jiƙaƙƙen yashi na iya ɗauke da lita huɗu ko biyar na ruwa tun kafin a taɓa jarka. Ka damƙi yashin a tafin hannu: in ya dunƙule ya bar maka danshi, rage ruwan, fara da lita 20 ka duba. Yashi mai danshi kuma kumbura yake yi, sai hedifan ya cika alhali yashin bai kai ba, don haka a ɗan tula shi.

Ido kaɗai ba ya isa, shi ya sa ake gwajin silom. Da mazurarin ƙarfe ake yinsa, tsayinsa milimita 300, gindinsa 200, bakinsa 100. Ana cika shi da kwaɓin hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, a share bakin, a ɗaga shi tsaye a hankali, sannan a auna yadda kwaɓin ya zauna. Milimita 50 zuwa 100 ya yi wa yawancin aikin da ake zubawa da hannu. In ya baje kamar koko, kada ya shiga katakon da aka kafa don zuba kankaren. Minti biyar aikin ke ci, amma wurare da yawa ko mazurarin ba su da shi, abin da ke damuna ke nan.

To in kwaɓin ya yi tauri fa, rodi kuma ya yi yawa a bim? A kawo injin girgiza, wanda ake kira poka, a soka shi tsaye na daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane wuri har kumfa ya daina fitowa. Ko a sa sinadarin sassauta kankare bisa awon da ke jikin robarsa. Haka ma motar kankare da ta daɗe a cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe: kada direba ya buɗe mata ruwa, a kira injiniya, in kankaren ya fara kamawa a mayar da ita.

Ruwan kansa ma a ɗanɗana. Rijiyoyin burtsatse da ke kusa da teku wasu na da gishiri, wanda bai shawu ba kada a kwaɓa da shi.

Ruwan da lebura ke son zubawa yana da ranarsa, wato bayan kankaren ya kama. Daga washegari a rufe dekin da buhunan algarara, a riƙa jiƙa su safe da rana da yamma aƙalla kwana bakwai, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da saman da wuri har ya tsattsage. A kuma cika ƙananan akwatunan gwaji masu milimita 150 daga kwaɓin ranar, a kai ɗakin gwajin kayan gini na jihar Legas a matse su a kwana 7 da kwana 28.