Ƙarin kuɗin fansho da harajin da ya rage mini a Legas

Ina aiki a wani kamfanin sufuri a Apapa, kuma kamar kowane mai albashi a nan, hukumar harajin jihar Legas, LIRS, tana karɓar rabonta tun kafin kuɗi ya iso hannuna. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, kuɗin fansho ake fara cirewa, sannan a lissafa haraji kan abin da ya saura. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, kamfani kashi 10, ta kuma bar ƙofa ga wanda yake so ya ƙara don kansa. Wannan ƙarin na roƙi ofishin albashinmu ya riƙa cire mini duk wata.

Ga yadda lissafin yake. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, daga nan sai kashi 15, sai 18, har zuwa 25. Wanda albashinsa ya kai matakin kashi 18, in ya ƙara naira 20,000 a wata, naira 3,600 daga ciki da ma haraji ne zai cinye. Yanzu ta koma asusunsa tana juyawa. In kuma ya yi ritaya, kuɗin fanshon da za a biya shi ba a cire masa haraji.

Sai dai kuɗin nan ba adashi ba ne da za a kwasa don hidimar Sallah ko biki. Duk wanda ya cire kafin shekara 5, za a caji haraji kan ribar da kuɗin ya samar. A 2017 ma LIRS ta yi gargaɗi kan masu zubawa yau su kwashe gobe don kauce wa haraji, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, kuma ta tsaurara sharuɗɗan cirewa. Ni dai ina ganin daidai ne, domin an yi sauƙin ne saboda tsufa. Shi ya sa na ware kuɗin ko-ta-kwana daban, kada haya ko asibiti su tilasta mini taɓa wannan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin ruwa. Hankalina bai kwanta ba sai da na mayar da asusuna zuwa Asusu na Shida, wato rukunin asusun fansho wanda ba ya mu'amala da ruwa, yake zuba jari a irin su sukuk, takardun jari na tsarin Musulunci. Kamfanin fanshonka za ka nema ya mayar da kai.

Yayana yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ba shi da albashi balle ofishin da zai cire masa. Na ce masa, "Yaya, tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu, abin da ya sawwaƙa kake zubawa, a kullum ko a mako." Ya ce in raka shi ya ji sharuɗɗan da kunnensa, musamman nawa ne zai iya cirewa in kasuwa ta juya.